Fizgar farko: me ya sa ƙafa ke mutuwa ana dab da gari?

 Ga rubutaccen shirin wannan makon kamar yadda aka saba, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma waɗanda sabis ɗin garinsu irin namu ne na Damri, wanda sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama kafin saƙo ya tafi.

Yau maganar keke za mu yi, kuma zan fara da tona wa kaina asiri.

Bayan ƙaramar sallah mu takwas muka shirya tsere, samarin unguwa kawai, ba alƙali ba komai. Daga bakin gari zuwa wata tsamiya da ke kan hanya, a zagayo ta a dawo. Tafiyar kamar minti goma ce in an taka sosai. Wanda ya zo na ƙarshe shi zai sayi tsire. Ni da Phoenix ɗin babanmu na fito, na sha mata mai, na ɗaure ƙafar wando. Ana cewa a tafi na miƙe tsaye a kan feda na fizge ta da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Cikin rabin minti na ba su rata mai kyau, har ina waiwaye ina dariya. Kafin mu kai tsamiya sun kamo ni. Ban damu ba, na shiga cikinsu muna tafiya tare, kuma wallahi ban ji wata gajiya ta a zo a gani ba. Sai da muka hango gari, inda akwai ɗan hawa kafin a shiga, kowa ya miƙe ya fara fizga. Ni ma na miƙe. Babu. Ƙafa tana juyawa amma kamar ba tawa ba, kamar an cika cinyoyina da yashi. Har ƙanina, wanda ni na koya masa keke, ya wuce ni yana fito. Ni na sayi tsire.

Kawunmu mai gyaran keke yana zaune bakin rumfarsa ya ga komai. Da na zo wucewa ina haki sai ya ce, "Kai ɗan nan, mi ak kai ka kwasa da gudu tun ga hita? Kai ɗai kak kashe kanka." Na ce, "Kawu, ai ban gaji ba, tare muka taho da su." Ya ce, "Ai shi na gane maka." Ya ci gaba da facinsa.

Wannan magana ta tsaya min. In na gaji, ta yaya na iya bin su minti takwas ba su bar ni ba? In kuma ban gaji ba, ina ƙarfin ya tafi lokacin da na neme shi? Shi ya sa na zauna na yi karatu a kai, kuma ashe masana sun daɗe da auna wannan abu daidai, a kan keke ma kuwa.

Ga yadda abin yake. Ku ɗauka jikin mai tuƙa keke yana da hanyar samun ƙarfi iri biyu. Duk wanda ya taɓa zuwa gonakin noman rani na Bakolori ya san magudanar ruwa: ruwa yana tafiya a hankali, ba ya yankewa, amma akwai iya abin da yake iya kawowa a minti ɗaya. To haka ƙarfin da ake samu ta hanyar numfashi yake. Huhu ya shaƙi iska, zuciya ta tura jini, tsoka ta ƙona abinci da iskar oksijin. Wannan ƙarfi yana daɗewa, sai dai yana da iyaka. Ni a shirin nan zan kira wannan iyaka layin juriya. Muddin kana ƙasa da layin, jikinka yana samun daidaito, numfashi ya yi nauyi amma ya tsaya wuri ɗaya, ka daɗe kana tafiya.

Na biyu kuma randa ce a gefe. Ruwan ciki a shirye yake, kana iya kwarara shi gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, amma randa ce, tana da ƙasa. Duk lokacin da ka nemi ƙarfin da ya wuce layin juriya, ko fizga ce, ko hawa tudu, ko ƙwato taya daga yashi, daga randar nan kake ɗiba. In ta ƙare, ta ƙare. Ko mene ne a gabanka, dole ka sauko ƙasa da layin. Wasu Faransawa biyu, Monod da Scherrer, su suka fara tsara wannan lissafi tun 1965, kuma har yau da shi masu horar da 'yan tseren keke suke aiki.

Bari in sa lamba don a ga ƙanƙantar randar. Ana auna ƙarfin taka feda da wat, kamar dai ƙwan lantarki. Ita kuma randa ana auna ta da jul, kuma ga mutum mai motsa jiki yawanci tana tsakanin jul 15,000 zuwa 25,000. Mu ɗauki wanda layinsa yake wat 250, randarsa jul 20,000. In ya taka a wat 350, ya haura layi da wat 100, wato kowace daƙiƙa yana kwasar jul 100. Ku raba 20,000 da 100, daƙiƙa 200 ke nan, minti uku da ɗan kai, ya gama. In kuma ya yi irin haukar da na yi, a ce wat 650 na rabin minti, ya haura da 400. Sau 30, jul 12,000. Fiye da rabin randa ya tafi cikin daƙiƙa 30, ana ko fita gari ba a yi ba.

Yanzu ga tambayar da ta dame ni. Wannan fizgar ta farko, layin take saukarwa ko randar kawai take kwashewa?

A 2009 wasu masana biyu da ke Jami'ar Exeter a Ingila, Anni Vanhatalo da Andrew Jones, suka gwada. Shi Jones ɗin nan yana cikin waɗanda suka yi aiki da Eliud Kipchoge lokacin da ya nemi yin gudun fanfalaki ƙasa da awa biyu a 2017, don haka ba baƙo ba ne a harkar. Akwai wani gwaji da suke yi mai azaba: a hau keken ɗakin bincike a taka da iyakar ƙarfi minti uku cur, ba lallaɓawa, ba ajiye komai. A farko ƙarfin yana sama, sai ya yi ta zubewa yayin da randa ke ƙarewa, har zuwa daƙiƙa 30 na ƙarshe inda yake tsayawa wuri ɗaya. Inda ya tsaya ɗin nan shi ne layin juriyar mutum, abin da ya yi sama da shi kuma shi ne girman randarsa. Sai suka sa mutane suka yi gwajin iri uku: sau ɗaya da hutunsu, sau ɗaya bayan sun yi fizgar daƙiƙa 30 an ba su hutun minti 2, sau ɗaya kuma bayan fizgar da hutun minti 15.

Abin da ya fito: a duka ukun layin juriya bai canza wani abin kirki ba. Randar ce ta nuna bambanci. Da hutun minti 2 ta ragu ƙwarai. Da hutun minti 15 ta dawo kamar ba a taɓa ta ba.

Da na karanta wannan sai da na ajiye waya na yi dariya, don labarina ne tsaf. Na iya bin su saboda layina yana nan lafiya lau. Abin da na rasa shi ne na fizga, kuma ba ka sanin babu shi sai ka miƙa hannu cikin randa ka ji ƙasa. Wannan shi ne mugun halin abin. Ba ya yi maka gargaɗi.

To me ke faruwa a cikin tsokar kanta? Akwai wani sinadari da ake kira fosfokiriyatin, wanda tsoka ke ajiyewa don buƙatar gaggawa. Shi ne ke ba ka ƙarfin daƙiƙoƙin farko na fizga kafin numfashi ya farga. A 1995 Gregory Bogdanis da abokan aikinsa a Jami'ar Loughborough suka sa mutane fizgar daƙiƙa 30 a keke, sannan suka riƙa ɗebo ɗan ƙanƙanin nama daga cinyarsu da allura suna aunawa. Ku ji fa, da allura, saboda ilimi. Suka tarar sinadarin ya sauko zuwa kusan kashi 20 cikin 100 na yadda yake kafin a fara. Bayan minti ɗaya da rabi ya dawo kashi 65. Bayan minti 6 yana wajen kashi 85, bai ma cika ba. Da sauri yake fara dawowa, sai ya koma jan ƙafa.

Ba shi kaɗai ba ne. Lokacin fizga tsoka tana farfasa sukarin da ta ajiye da gaggawa, tsami yana taruwa a cikinta, wasu sinadarai da ke hana zaren tsoka ɗamewa yadda ya kamata su ma suna taruwa. Kafin a share su ana ɗaukar lokaci fiye da na fosfokiriyatin. Shi ya sa randar gaba ɗayanta ta fi jinkirin cika. A 2010 Carrie Ferguson da abokanta a Jami'ar Leeds suka sa mutane suka taka har suka kasa, wato randa ta koma fanko, sannan suka auna yadda take cikowa: kashi 37 bayan minti 2, kashi 65 bayan minti 6, kashi 86 bayan minti 15. Su ma sun tarar layin juriya bai motsa ba. Ku riƙe lambobin nan uku, don su ne zuciyar shirin yau.

A nan bari in ɗan kauce in wanke wani da ake yi wa ƙazafi. 'Yan ƙwallo da masu zuwa ɗaga ƙarfe suna yawan cewa ciwon da kake ji a cinya kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye, wai laktet ne ya kwanta a tsoka. Ba haka ba ne. Laktet yana barin jini cikin kamar awa ɗaya, kuma zuciya da sauran tsokoki ma ƙona shi suke yi su samu ƙarfi. Ciwon washegari daga 'yan ƙananan raunuka ne da zaren tsoka ya samu. Mu koma kan keke.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya kashe ni a tseren nan, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. Randa ba ta cika sai kana ƙasa da layi, kuma gwargwadon nisan da ka yi ƙasa da shi, gwargwadon saurin cikarta. In magudana tana kawo bokiti goma kai kana shan tara da rabi, rabin bokiti ne kawai ke shiga randa. Ni bayan fizgata ban huta ba, na ci gaba da tafiya dab da layina don kada a bar ni. Minti takwas na yi ina ganin kamar ina farfaɗowa, alhali ɗigo-ɗigo ne ke shiga. Ƙanina kuwa, da na tambaye shi daga baya, cewa ya yi, "Yaya, ni bayanka na laɓe tun daga tsamiya." Ɗan banza ashe ni nake sare masa iska. A gudun tsere, wanda ya laɓe bayan wani yana iya rage kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da zai kashe. Ni ina kan layi, shi yana can ƙasa da nasa, randarsa a cike.

Yanzu kada wani ya ce to daga yau ba zan ƙara taka keke da ƙarfi kafin tsere ba. Nan ne labarin ya juya, kuma nan ne nake ganin maganar Kawu rabin gaskiya ce. Ƙarfin numfashi ba ya tashi nan take. In ka fara gudu mai tsanani da sanyin jiki, sai an ɗauki minti biyu zuwa uku kafin shigar oksijin ta kai inda ake buƙata, kuma duk giɓin da ke tsakani randa ce ke biya. Amma in ka riga ka yi wani aiki mai nauyi kafin nan, jijiyoyin jini sun buɗe, tsoka ta ɗumama, sai numfashi ya kama aiki da wuri, randa ta samu sauƙi. Stephen Bailey da su Jones sun gwada wannan ma a 2009: minti 6 na taka keke mai tsanani kafin babban gwaji. Da aka ba da hutun minti 3 kacal, mutane sun fi saurin kasawa. Da aka ba da minti 9 ko 20, sun fi daɗewa fiye da in ba su yi komai ba tun farko. Aiki iri ɗaya, mutane iri ɗaya, tazarar hutu ce kawai ta raba cuta da magani. Shi ya sa za ku ga ƙwararru kafin tsere suna kan keken da aka kafe wuri ɗaya suna zuba gumi, sannan su sauka su jira. Da na yi fizgar nan tawa minti 15 kafin a ce a tafi, maimakon bayan an ce a tafi, da wataƙila wani ne ya sayi tsiren.

In kuna kallon manyan tsere za ku ga wannan lissafi a fili. Biniam Girmay ɗan Eritiriya, wanda ya ci matakai uku kuma ya ɗauki koriyar riga a Tour de France na 2024, ba a ƙarshen tsere kaɗai yake fizga ba. Akwai maki da ake rabawa a tsakiyar hanya, dole ya fizga a can, sannan ya sake fizga a ƙarshe. Ku lura da abin da irinsu suke yi da zarar sun wuce layin tsakiyar: su zauna, su sha ruwa, su nutse cikin ayari a bayan abokan tawagarsu inda iska ba ta dukansu. Randa suke cikawa. Haka a tseren cikin fili mai zagaye, irin wanda muke da shi a filin wasa na ƙasa a Abuja, kuma irin wanda Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a cikinsa a gasar Olamfik ta Faris a 2024 da keken da tawagar Jamus ta ara mata. A can ana yin zagaye bayan zagaye a rana ɗaya, kuma abin da ɗan tsere ya yi da mintunan da ke tsakani yana cikin abin da ke raba mai ci da mai faɗuwa.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan ba tsere ne ya dame su ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kekunan da suka yi shekaru a jingine a zaure sun fito. Ɗalibai, masu zuwa gona, masu kai kaya kasuwar Mafara ranar Talata, kowa ya koma feda. Kuma keken da muke hawa ba irin na su Girmay ba ne. Ƙarfe ne mai nauyi, giya ɗaya, sau da yawa da buhu a kariya. A irin wannan keke ba sai ka yi niyyar fizga ba, hanya ce ke fizgar ka. Tashi daga tsaye da kaya ɗiba ne daga randa. Kowane yashi da ka kutsa da ƙarfi ɗiba ne. Kowane tudu ɗiba ne. Iskar hunturu in ta tare ka ta gaba, gudun da jiya yake ƙasa da layinka yau ya haura shi, ba tare da ka ƙara sauri ba.

Kuma mu nan yankin Bakura da Maradun ba sai an yi wa kowa bayanin dalilin da ya sa ake son a shigo gari kafin magariba ba. Wanda ya taso daga gona a makare, abin da zuciya ke raya masa shi ne ya kwasa da gudu tun daga farko. Ni shawarata, wadda na ɗauka daga lambobin nan, ita ce akasin haka. Ka fara da gudun da numfashinka zai zauna a kai. In ka ga gudunka bai ƙaru ba amma hakinka sai hawa yake yi minti bayan minti, ka haura layi, ka sassauta. In ka fito daga yashi ko ka gama hawa, kada ka ce bari in rama lokacin da na ɓata, ka ba ƙafa minti biyu ko uku tana juyawa a sauƙaƙe. In tudun ya yi tsayi kuma da kaya, sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. In ku biyu ne ko uku, ku riƙa karɓa-karɓa a gaba. A hanya irin tamu gara a ce akwai abin da ya rage a randa ko da ba a buƙace shi ba.

Ƙarin bayani ɗaya, don kada in bar ku da rabin magana. Da na ce layin juriya ba ya motsi, ina nufin bayan gajeriyar fizga. Doguwar tafiya daban ce. Ida Clark da abokan aikinta, su ma a Exeter, sun nuna a 2018 da 2019 cewa bayan awa biyu ana taka keke da nauyi, layin kansa yana saukowa da kusan kashi 10 cikin 100, randar ma ta ƙanƙance. Da suka riƙa ba mutane abin sha mai sukari a hanya, layin bai faɗi haka ba. Wato wanda ya taso da safe cikinsa ba komai, ya wuni a rana, gudun da ya saba yi da safe yana iya zama sama da layinsa da yamma. Dabino, fura, kunu, ko rake, da ruwa, duk suna aiki. A zafin Maris da Afrilu, ko a cikin azumi, ku ƙara sassautawa. Wanda kuma yake jin ciwon ƙirji, jiri, ko bugun zuciya ba daidai ba in ya taka da ƙarfi, wannan ba maganar randa ba ce, asibiti zai je.

Mun sa ranar ramuwa bayan babbar sallah, hanya ɗaya, tsamiya ɗaya. Na riga na auna da agogon waya: daga rumfar Kawu zuwa inda muke tashi tafiyar minti huɗu ce a hankali, don haka zan yi fizgata a bayan gari, in zo in zauna wurinsa minti goma, sannan in gangara. Matsalar kawai ita ce ƙanina yana karanta shafin nan.

Masu tambaya a kan atisayen da ke ɗaga layin juriya kansa, na ga saƙonninku, shi za mu ɗauka a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wanda ke hawa keke zuwa makaranta ko kasuwa ya rubuto mana garinsu da tsawon lokacin da tafiyar ke ɗaukar sa, zan yi amfani da su wajen misali. Sai mun haɗu, a huta lafiya.